Tarihin Gyaran Kundin Aljihu na Lantarki: Daga Psion Zuwa Palm

Gabatarwa

Kafin wayar salula ta zamani ta haɗiye agogo da kalanda da littafin adireshi, akwai wata 'yar na'ura da ta riƙe wannan aiki har kusan shekara 20. Ita ce kundin aljihu na lantarki, wanda a ƙasashen Turai da Amurka aka fi sani da taƙaitaccen suna PDA. Girmansa bai wuce tafin hannu ba, amma a cikinsa ne likita ke ajiye jadawalin ganin marasa lafiya, ɗan kasuwa ya ajiye lissafin bashi, ɗan jarida kuma ya rubuta rahotonsa a cikin jirgin ƙasa. Daga shekarar 1984 zuwa wajejen 2004, kamfanoni irin su Psion na Ingila, da Palm da Apple na Amurka, da Sharp da Casio na Jafan, sun yi ta rige-rige wajen ƙera shi.

Masu rubuta tarihin fasaha sun fi karkata ga ranar da aka fito da sabuwar na'ura da irin cinikin da aka yi. Wannan muƙala ta dubi ɗaya ɓangaren, wato abin da ke faruwa bayan na'urar ta shiga aljihu ta fara tsufa. Ta bi sawun kamfanoni biyu, Psion da Palm, domin ta nuna cewa tsawon ran kundin aljihu bai taɓa dogara ga ƙarfin ƙwaƙwalwarsa ba. Ya dogara ne ga sassa masu arha, kamar batir da gaɓar marfi da siririyar waya, da kuma shawarar da maƙeri ya yanke tun a masana'anta kan ko zai bar wa mai gyara ƙofar shiga. A cikin shekarun nan ne aka tashi daga na'urar da mai ita ke buɗewa da hannunsa zuwa wadda aka liƙe da gam, kuma har yau ana kan muhawara a kan wannan sauyi.

Asalin Kundin da Gyaransa na Farko

David Potter, masanin kimiyyar fiziya haifaffen Afirka ta Kudu wanda ya yi digirinsa na uku a Imperial College da ke Landan, shi ya kafa kamfanin Psion a shekarar 1980. Da farko kamfanin manhaja yake rubuta wa ƙananan kwamfutocin Sinclair. A shekarar 1984 ya fito da na'urarsa ta kansa mai suna Psion Organiser, a kan kuɗi fam 99. Tana da allo mai layi ɗaya wanda ke ɗaukar haruffa 16, da ma'adanar wucin gadi mai girman kilobayit 2, kuma batir guda mai ƙarfin bolt 9 ke tafiyar da ita. Tana da kube na roba mai tauri da ake zarewa a mayar, kamar kuben wuƙa. A shekarar 1986 aka fito da Organiser II, wadda ta samu karɓuwa a shaguna da masana'antu. Kantunan Marks & Spencer na Birtaniya na daga cikin waɗanda suka yi aiki da ita.

Waɗannan na'urori na farko ba su cika lalacewa ba, domin babu abin da ke lanƙwashewa a jikinsu. Hidimar da suka fi buƙata ta shafi wurin ajiyar bayanai ne. Psion ya ƙera wani ɗan ƙunshi da ake zura wa a bayan na'urar, mai suna Datapak. A cikinsa akwai ƙwayar lantarki irin wadda ake kira EPROM, wadda ke riƙe rubutu ko da babu batir. Sai dai tana da wata ɗabi'a: ana iya rubutu a kanta da lantarki, amma ba a iya gogewa da shi. Idan mai na'ura ya share wani suna, alama kawai ake yi masa cewa ya daina aiki, amma gurbinsa na nan a cike. Da tafiya ta yi tafiya sai ƙunshin ya cika da matattun bayanai.

Maganin wannan shi ne haske. Ƙwayar tana da 'yar taga ta gilashi, wadda ake rufewa don kada haske ya shiga. Idan ana son share ta, sai a buɗe tagar a sa ta ƙarƙashin fitila mai hasken ultrabayolet na wasu mintuna, hasken ya saki cajin da ke maƙale a ciki, ƙwayar ta koma fes. Kafin a yi haka dole a kwafe bayanan da ake so zuwa wani ƙunshin. Ke nan tun daga ranar farko, ka'idar da ta mamaye wannan sana'a ta bayyana: mai gyara yakan fara tunanin bayanan da ke ciki kafin ya taɓa jikin na'urar.

Batir da Amanar Bayanai

Dalilin wannan ka'ida yana cikin yadda aka gina na'urorin. Mafi yawan kundayen aljihu na shekarun 1990 suna ajiye komai ne a ma'adanar wucin gadi, wadda ba ta riƙe rubutu sai da wuta. Ko da an kashe na'urar, akwai 'yar wuta da ke ci gaba da gudana a ciki don ta raya abin da aka rubuta. Da zarar wannan wuta ta yanke, adireshi da alƙawura da lissafin shekaru sun tafi, babu mai dawo da su. An zaɓi wannan hanya ne saboda irin wannan ma'adana ta fi sauri, kuma a wancan lokaci ma'adanar da ke riƙe rubutu ba tare da wuta ba tana da tsada da nawa.

Kowane kamfani ya nemo dabararsa. A na'urar Psion Series 3, wadda ta fito a 1991, an sa batir biyu irin na ƙaramar rediyo, masu lamba AA, sannan aka ƙara wani ɗan batir mai siffar kwabo a matsayin mai jiran gado. Idan an cire manyan, ƙaramin zai riƙe bayanai har a sa sababbi. A Series 3 lambarsa CR1620, a Series 5 kuma CR2032. Dokar da kowane mai na'ura ya haddace ita ce kada a cire duka biyun a lokaci guda, kuma kada a yi biris da gargaɗin da allo ke nunawa cewa ƙaramin ya yi rauni. Wanda ya kiyaye wannan yakan shekara da shekaru bai rasa ko harafi ɗaya ba.

Kamfanin Palm ya bi wata hanya. Na'urarsa ta farko, Pilot, wadda Jeff Hawkins ya tsara kuma ta shiga kasuwa a 1996 a kan dala 299, tana aiki da batir biyu masu lamba AAA. Maimakon batir na biyu, an sa mata kafasita, wato ɗan sashe da ke tara caji kaɗan. Wannan cajin yana ba mutum kimanin minti ɗaya ya canza batir. Idan kafasitar ta tsufa ta daina riƙe caji, sai ya zama duk ranar da aka canza batir an yi asarar komai. An san wasu na'urorin jerin m100 da wannan matsala. Gyaranta shi ne a kwance bayan na'urar, a narke dalmar da ta riƙe tsohuwar kafasita, a liƙa sabuwa. Sashen ba shi da tsada, amma aikin na buƙatar hannu mai nutsuwa.

Palm ya rage wannan haɗari da wata dabara da ta taimaka masa wajen cin kasuwa. Kowace na'ura tana zuwa da mazauni da ake jonawa da kwamfutar tebur. Da an ɗora ta an danna maɓalli ɗaya, sai a kwafe komai zuwa kwamfuta. Sunan wannan tsari HotSync. Saboda haka idan na'ura ta manta, ana iya mayar mata da abin da ta sani tun daga kwafin ƙarshe. Sai a shekarar 2004, da fitowar Tungsten T5 da Treo 650, Palm ya koma ga ma'adanar da ba ta mantuwa ko da batir ya mutu ƙurmus.

Akwai kuma cutar da batir ke jawowa da kansa. Idan aka bar batir a cikin na'ura aka jefa ta a aljihun tebur wata da watanni, sai ya zubar da ruwansa. Ruwan yakan bushe ya zama farin gari a kan ƙarafan da ke ɗaukar wuta, wani lokaci ya bi waya ya shiga har cikin faranti ya ci layukan tagulla. Da yake ruwan irin wannan batir ɗan gidan kanwa ne, masu gyara kan kashe kaifinsa da abu mai ɗan tsami, su goge da sifirit, sannan su kankare tsatsar. Idan ɓarnar ta kai ga faranti, sai a bi layin da ya yanke a haɗa shi da siririyar waya.

Gaɓa da Waya: Inda Na'urar ke Karyewa

Da fitowar Series 3, Psion ya sauya siffar kundin zuwa mai buɗewa kamar littafi, allo a sama, madannai a ƙasa, batura kuma a cikin ƙashin bayan da ya haɗa su. Wannan siffa ta kawo sauƙin rubutu, amma ta shigo da abin da babu shi a da, wato motsi. Duk abin da ke buɗewa yana rufewa sau goma ko ashirin a rana, wata rana zai gaji. Gaɓoɓin marfin Series 3 na roba ne, kuma karyewarsu na daga cikin abubuwan da suka fi kai wannan na'ura wurin gyara. Ana liƙa su da gam mai ƙarfi, ko a ciro lafiyayyu daga wata matacciyar na'ura.

A shekarar 1997 aka fito da Series 5, wadda Martin Riddiford ya zana jikinta. Idan aka buɗe ta, madannan sukan zamo gaba, allon ya jingina baya, ta yadda na'urar ba ta kifewa idan an taɓa allon. Madannanta sun yi kama da na babbar kwamfuta, har marubuta da 'yan jarida suka riƙa rubuta dogayen ayyuka a kanta. Allonta na da ɗigo 640 a kwance da 240 a tsaye, kuma batir biyu masu lamba AA kan kai ta awanni masu yawa na aiki. A 1999 aka fito da ingantacciyarta, 5mx, wadda saurin ƙwaƙwalwarta ya ninka na ta farko. Ta farkon an shafe jikinta da wani fenti mai laushin roba wanda ya riƙa saɓulewa, shi ya sa aka sauya fenti a 5mx.

Babbar matsalar ba a fenti take ba. Tsakanin allo da farantin da ke ƙarƙashin madannai akwai wata faffaɗar waya siririya kamar zirin leda, wadda aka shimfiɗa layukan tagulla a cikinta. Irinta ce masu gyaran waya a yau ke kira fileks. Duk lokacin da aka buɗe na'urar ko aka rufe, wannan waya na lanƙwashewa. Tagulla kuwa idan aka yi ta lanƙwasa ta a wuri ɗaya, sai ta yi tauri, ta tsage, daga baya ta yanke, kamar yadda yaro ke karya wayar ƙarfe ta hanyar kai ta gaba da baya. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne 'yan ramukan da aka huda a jikin wayar don sauƙin aiki a masana'anta. Ƙarfin lanƙwasa yakan taru a bakin ramin, tsagar ta faro daga nan, kamar yadda mai sayar da atamfa ke ɗan tsaga bakin yadi da almakashi kafin ya yage shi.

Alamomin cutar sanannu ne. Da farko allon zai fara nuna layuka, ko ya daina jin taɓawar alƙalami, ko ya riƙa aiki sai an buɗe marfin zuwa wani mizani. Daga ƙarshe sai ya ɗauke gaba ɗaya. A wannan hali ƙwaƙwalwar na'urar lafiyarta ƙalau, bayanai na nan a ciki, amma mai su ba ya ganinsu. Saboda haka matakin farko shi ne a kwafe bayanan ta wayar da ke haɗa na'urar da kwamfuta, ko kuma zuwa katin ajiya idan allon bai gama mutuwa ba. Bayan haka sai a kwance na'urar gaba ɗaya, a raba tsohuwar wayar da allon, a liƙa sabuwa da dalma a kan layuka masu kusanci da juna ƙwarai. Daga baya wasu masu zaman kansu sun ƙera sabuwar waya da aka gyara zanenta don ta fi ta asali jure lanƙwasa. A nan mai gyara ya wuce matsayin mai maye gurbin sashe, ya shiga gyara kuskuren da aka yi tun a teburin zane.

Na'urorin Palm ba su da marfi mai waya, amma suna da nasu raunin a fuskar allo. Fuskar shimfiɗa biyu ce, gilashi a ƙasa da leda a sama, kowacce da wani shafe mai ɗaukar lantarki. Idan alƙalami ya danna, shimfiɗun sukan haɗu, na'urar ta auna inda aka taɓa. Da tsufa, ma'aunin kan karkace, mutum ya taɓa nan, na'ura ta amsa can. Ƙaramin gyara shi ne a shiga sashen saiti a sake daidaita allon ta hanyar taɓa wasu alamomi da yake nunawa. Idan abin ya ƙi, sai a canza fuskar. Wurin da ake rubuta haruffan Graffiti, wato salon rubutun hannu na Palm, shi ya fi saurin gogewa, shi ya sa mutane suka riƙa manna masa siririyar leda. A bayan na'urar kuma akwai ɗan rami da ake zura tsinken ƙarfe don a farfaɗo da ita idan ta sandare. Akwai farfaɗowa mai sauƙi wadda ba ta taɓa bayanai, akwai kuma mai tsanani wadda ke share komai, kuma sanin bambancinsu shi ne darasin farko ga duk mai riƙe da irin wannan na'ura.

Shekarar 1999: Daga Ƙusa Zuwa Gam

Idan ana neman shekarar da al'amarin gyara ya juya, to 1999 ce. A cikinta kamfanonin biyu suka fito da na'urorin da suka fi na baya kyau da sirantaka, kuma dukansu suka ɗauke batir daga hannun mai na'ura.

Palm V, wadda kamfanin zane na IDEO ya tsara, tana da jikin alminiyam da batirin litiyam mai caji a ciki. Don a samu sirantakar da ake so, kuma kada kan ƙusa ya ɓata kyan jikinta, sai aka haɗa gaba da baya da gam. Babu ƙofar batir, babu ƙusar da za a kwance. Batirin litiyam kuwa yana da iyakar rayuwa. Bayan 'yan shekaru ƙarfinsa kan ragu ko ana amfani da shi ko ba a yi. Lokacin da baturan suka fara mutuwa, masu gyara suka gano cewa sai an gasa gefen na'urar da iska mai zafi, irin ta na'urar busar da gashi, har gam ɗin ya yi laushi, sannan a ɓamɓare bayan a hankali. Zafi ya yi yawa, allo ko maɓallai su lalace. Ya yi kaɗan, alminiyam ya lanƙwashe wajen ɓamɓara. Aikin da a da yake ɗaukar minti ɗaya a hannun kowa ya koma aikin gwani mai haɗari.

A Ingila kuma Psion ya fito da Revo, wadda aka sayar da wani nau'inta a Amurka da sunan Diamond Mako. Ita ma an rufe baturanta masu caji a ciki. Ba ta da ɗan batir mai jiran gado, ba ta kuma da gurbin katin ajiya. Ga shi kuma ma'aunin cajinta kan ruɗe, ya nuna batir a cike alhali ya kusa ƙarewa. Idan haka ta faru, na'urar kan mutu ba zato, bayanai su tafi, sai wanda ya yi kwafi a kwamfuta ne zai tsira. Canza baturan na buƙatar a buɗe jikin na'urar a yi aiki da dalma. Abin lura shi ne Series 5mx da Revo shekararsu ɗaya, kamfaninsu ɗaya, amma mai 5mx zai iya sayen batir a kowane kanti a duniya, mai Revo kuwa sai ya nemi mai gyara.

Ba za a ce maƙeran sun yi haka don mugunta ba. Masu saye sun so na'ura siririya wadda ba sai an riƙa sayen batir ba, kuma Palm V ta samu karɓuwa sosai. Sai dai kuɗin wannan kyau ba a ranar saye ake biyansa ba. Ana biyansa ne bayan shekara biyu ko uku, lokacin da garanti ya ƙare, kuma mai na'ura ne ke biya. Wannan salo na jiki a rufe da batir a ciki shi ne wayar iPhone ta bi a 2007, daga nan ya zama ruwan dare.

Bayan Maƙeri Ya Janye

A watan Yuni na 1998, Psion ya haɗa kai da Nokia da Ericsson da Motorola suka kafa kamfanin Symbian, wanda ya mayar da manhajar Series 5, mai suna EPOC, ta zama ta wayoyin salula. A shekarar 2000 ya sayi kamfanin Teklogix na Kanada mai ƙera na'urorin masana'antu, sannan a watan Yuli na 2001 ya sanar da janyewarsa daga ƙera kundin aljihu na jama'a. Apple ya riga shi, domin ya dakatar da na'urarsa Newton a watan Fabrairu na 1998, kusan shekara 5 bayan fitowarta. Palm ya daɗe fiye da su, har HP ya saye shi a 2010.

Janyewar maƙeri ba ta sa mutane sun jefar da na'urorinsu ba. Da yawa sun saba da su, kuma ba su ga madadin da ya kai su wajen rubutu ba. A wannan gurbi ne ƙananan masu gyara suka shiga. A Landan, kamfanin POS ya yi shekaru yana gyaran na'urorin Psion bayan maƙerinsu ya bar kasuwa. Da kayan gyara suka fara ƙarewa, sai aka koma ga sayen matattun na'urori ana ciro sassansu: wadda allonta ya fashe ta ba da madannai, wadda wayarta ta yanke ta ba da jiki. Masu sha'awa kuma suka riƙa ɗaukar hoton kowane mataki na kwancewa suna yaɗawa a intanet, ta yadda ilimin da a da yake kulle a ɗakin gyaran kamfani ya zama na kowa.

Gyaran bai tsaya ga ƙarfe da roba ba. Manhajar Newton tana ƙirga lokaci da daƙiƙoƙi a cikin gurbi mai iyaka, kuma gurbin ya cika a watan Janairu na 2010, abin da ke rikita kalanda da ƙararrawar tunatarwa. Apple ya bar na'urar shekara 12 kafin wannan rana. Wani masanin manhaja daga cikin masu amfani da ita ne ya rubuta gyaran ya raba wa jama'a. Kalandar tsofaffin na'urorin Palm ita ma tana da iyaka, domin ba ta wuce ƙarshen shekarar 2031. Wannan na nuna cewa na'ura na iya tsufa ta fuskar lissafi ko da jikinta garau yake, kuma idan maƙeri ya tafi da sirrin manhajarsa, gyaran kan yi wuya fiye da canza waya.

Ƙaunar da aka yi wa Series 5 ba ta mutu ba. A shekarar 2018 kamfanin Planet Computers na Landan ya fito da na'urar Gemini, wadda jama'a suka tara kuɗin ƙera ta, kuma Martin Riddiford ne ya sake zana madannanta a kan salon na 1997.

Kammalawa

Tambayoyin da masu kundin aljihu suka fuskanta su ne suka zama dokoki a yau. A shekarar 2003 aka kafa iFixit a Kalifoniya don wallafa jagororin gyara kyauta. A 2009 Martine Postma ta shirya zaman gyara na farko mai suna Repair Café a birnin Amstadam. A watan Janairu na 2021 Faransa ta wajabta wa masu sayar da wasu na'urori, har da wayar salula, su nuna maki daga cikin 10 da ke bayyana sauƙin gyaransu. A 2023 Tarayyar Turai ta zartar da dokar batir wadda ta tanadi cewa daga watan Fabrairu na 2027, yawancin na'urorin hannu su kasance da batirin da mai su zai iya cirewa ya canza, sannan a 2024 ta ƙara da dokar haƙƙin gyara. Abin da ake nema da ƙarfin doka a yanzu shi ne abin da mai Series 3 ke da shi a 1991 ba tare da ya roƙa ba.

Tarihin nan ya bar darussa uku. Na farko, na'ura ba ta fi sashenta mafi rauni ƙarfi ba, kuma sau da yawa wannan sashe shi ne mafi arha: kafasita, ko gaɓar roba, ko zirin waya mai rami. Na biyu, abin da mai na'ura ke tsoron rasawa shi ne bayanansa, don haka kwafi shi ne gyaran da ake yi tun kafin ɓarna. Na uku, sauƙin gyara ko wahalarsa abu ne da ake yanke hukuncinsa a teburin zane, ranar da aka zaɓi ƙusa ko gam. Mai gyaran waya da ke zaune a kasuwar Farm Centre ta Kano, yana gasa bayan waya da iska mai zafi don ya kai ga batir, ko yana canza fileks ɗin allo, aikin da aka fara koya a kan Palm V da Series 5 yake yi, ko da bai taɓa riƙe ɗayansu a hannu ba.